Kafin A Aza Tubalin Tashar Agaji A Ƙauye

A daren Talata, 15 ga watan Oktoba 2024, wata tankar mai da ta taso daga Kano za ta Nguru ta kife a garin Majiya, cikin ƙaramar hukumar Taura ta Jihar Jigawa. Fetur ya malale ya cika magudanar ruwa ta bakin titi, labari ya bazu cikin gari, mutane suka fito da bokiti da jarka da kwano. Abin da ya biyo baya kowa ya ji shi, ba sai mun sake tayar wa mai karatu da hankali ba. Kashegari aka haƙa babban kabari aka rufe mutum fiye da 100 a wuri guda, sa'an nan aka ci gaba da rasuwa a gadajen asibitocin da aka kwashi masu ƙuna aka kai, har lissafi ya haura mutum 180. Allah ya jiƙansu da rahama. Wata uku bayan haka, ran 18 ga Janairu 2025, aka sake irin wannan a mahaɗar Dikko ta Jihar Neja, mutum fiye da 80 suka halaka. Ba a gama wannan makoki ba sai ga labari daga Ƙauran Namoda cikin watan Fabrairu, gobara ta tashi da dare a wata makarantar allo ta ci almajirai 17.

Al'adarmu a ƙasar nan in irin wannan ta faru sananniya ce. Manya su zo jaje da jerin gwanon motoci, a yi alkawarin gudummawa, a kafa kwamiti, jaridu da gidajen rediyo su yi kwana uku suna kuka, sa'an nan a shiga wata sabgar. Amma cikin kukan akwai magana guda da takan fito kowane karo, kuma ta cancanci a tsaya a kanta, watau a gina wa mutanen karkara tashar 'yan kwana-kwana, a ba su motar asibiti. Mu a wannan mujalla muna goyon bayan wannan kira, ba mu da ja a kansa. Tsoronmu ɗaya ne, kuma shi ya sa muka ɗauki alƙalami. Muna tsoron kada a ji kiran, a amsa shi da bulo da siminti da jan fenti, a yanke ƙyalle a buɗe, a ɗauki hoto, bayan shekara biyu awaki su mai da wurin makwancinsu.

Bari mu fara da tambayar me ya sa tun farko babu. Aikin kwana-kwana a Nijeriya a Ikko aka fara shi, a farkon ƙarnin da ya wuce, yana ƙarƙashin 'yan sanda, kuma abin da aka kafa shi ya tsare shi ne ofisoshin gwamnatin Turawa da kantunan kamfanoni da ɗakunan ajiyar kaya. Dokar 1963 ta mai da shi hukuma mai cin gashin kanta, jihohi kuma da aka ƙirƙiro su kowace ta kafa tata. Amma tunanin bai sauya ba. Inda akwai bene da banki da sakatariya, nan ake kai mota. Rumbun gero bai taɓa shiga lissafi ba. Da aka yi gyaran ƙananan hukumomi a 1976, ƙa'idojin da Gwamnatin Tarayya ta fitar sun ambaci kashe gobara da motar ɗaukar marasa lafiya cikin ayyukan da ƙaramar hukuma za ta iya riƙewa tare da jiha. Wajen shekara 50 ke nan. Yau ƙananan hukumomi 774 ne a ƙasar nan, to mai karatu ya tambayi kansa, a tasu ƙaramar hukumar, in an fita daga hedkwata, a ina ya taɓa ganin jar mota tsaye, da ruwa a cikinta da direba a kusa?

Alhali kuwa babu inda wuta ta fi samun abinci kamar ƙauye. Wanda ya tashi a can ya sani. Da an gama kaka gida ya cika da kara: darni na kara, rumfa ta kara, harawa a ɗaure a kan bishiya, jinka ta bushe ƙayau, rumbuna a jere cike da damman gero da dawa. Daidai lokacin ne kuma hunturu ke sauka, iska na kaɗawa ba ta hutawa, tsoho ya kwana da kaskon wuta a ɗaki, mai jego ta kwana da garwashi a ƙarƙashin gado, yara su kewaye wutar kara suna jin ɗumi ko suna karatun allo. Ga ƙunar daji ta masu farautar gafiya. Yanzu kuma an sami wani baƙo da kakanninmu ba su san shi ba, watau jarkar fetur da ake ɓoyewa a ƙuryar ɗaki saboda babur ko injin ban ruwa ko janareta. Tartsatsi ɗaya ya isa. Kafin a ɗebo guga biyar daga rijiya unguwa ta tashi, abincin shekara ya koma toka, mutumin da jiya ke fitar da zakka yau ya shiga neman taimako. Ba a buga irin wannan a jarida, zama ba kasuwar Sabon Garin Kano ba ce ta ƙone.

To, amma mu faɗi gaskiya ko da ba za ta yi wa masu kiran daɗi ba. Gobara ba kullum take tashi ba. Tashar da aka gina don gobara kaɗai a ƙaramin gari tana iya yin wata uku ba a kira ta ba, musamman da damina. Ma'aikacin da ya yi wata uku yana gadin mota ba aikin fari ba na baƙi, ba da daɗewa ba zai koma gonarsa, batir ya mutu, taya ta sace, ran da aka neme shi a tarar da kwaɗo a ƙofa. Abin da ba ya hutu, rani da damina, dare da rana, shi ne naƙuda da hatsarin mota da saran maciji da yaron da zazzaɓi ya sa shi taune-taune.

Ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya na shekarar 2023 ya nuna mata wajen 75,000 ne suka rasu a Nijeriya a wannan shekara ta dalilin ciki da haihuwa, fiye da rubu'in na duniya baki ɗaya. In aka raba, kowace rana mata wajen 200 ke nan. Watau Majiya guda kullum, ba hayaƙi, ba ɗan jarida, ba tawagar jaje. Tun 1994 masana suka kasa jinkirin da ke kashe waɗannan mata gida uku: jinkirin yanke shawarar a tafi asibiti, jinkirin hanya, da jinkirin samun kulawa bayan an isa. Macen da jini ya ɓalle mata bayan haihuwa tana iya cikawa cikin awa biyu. Ba ilimin tsayar da jinin aka rasa ba. Wani babban bincike da aka buga a 2023, wanda Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero ta Kano na cikin jagororinsa, ya nuna cewa in an auna jinin da mace ke zubarwa da wata leda mai ma'auni, aka kuma haɗa mata magunguna nan take maimakon a yi ta gwada ɗaya bayan ɗaya, ana rage munanan sakamakon zubar jinin da kashi 60 cikin 100. Da hannun 'yar gidanmu aka samo wannan, abin alfahari ne. Amma a asibiti yake. Matar da ke kwance a amalanke tsakar dare, mijinta na bin gida-gida yana ƙwanƙwasa wa mai mota ƙofa, tsakaninta da wannan ilimi akwai rafi da yashi da kuɗin mai. Haka manomin da kububuwa ta sara a gona: dafinta hana jini daskarewa yake yi, allurar kashe dafi ce maganinsa, kuma ba kowa ke da hanyar zuwa Kaltungo ba.

Saboda haka a ganinmu kuskure ne a raba ayyukan nan biyu a ƙauye, a ce wannan na ma'aikatar lafiya ne, wancan na hukumar kashe gobara, kowa da gininsa da maigadinsa da takardun kuɗinsa. Rufi ɗaya ya ishe su, da waya ɗaya da direbobi masu karɓa-karɓa. Aikin marasa lafiya shi zai riƙe tashar a farke, har ran da gobara ta zo ta iske injin mota da ɗumi. Ba mu ne muka ƙago wannan ba. A Faransa 'yan kwana-kwana su ne ke ɗaukar majinyata da waɗanda suka yi hatsari, kuma fiye da kashi uku cikin huɗu na kiran da suke amsawa na ceton mutum ne, gobara kaɗan ce a ciki.

Wani zai ce, to da akwai irin wannan tasha kusa da Majiya, da ta hana abin da ya faru? Ba za mu yi wa matattu ƙarya ba. Wanda ke tsugune a bakin kwata da bokiti lokacin da wuta ta kama, babu motar da za ta cece shi. Kuma wutar fetur ba a kashe ta da ruwa, zama fetur a kan ruwa yake tasowa, ruwan sai dai ya ɗauke shi ya kai shi gaba. Kumfa ake fesa mata, ko a tare ta da yashi. Tururin fetur kuwa ya fi iska nauyi, bin ƙasa yake yi ya kwanta a kwata da rami, ya je ya sami wuta a nesa, ko ta mai shayi ce ko ta salansar babur, ta biyo shi a guje ta dawo. Amma tsakanin faɗuwar mota da tashin wuta akwai tazara, kuma a cikin wannan tazara ne ake ceton rai ko a rasa shi. 'Yan sanda sun ce sun yi ƙoƙarin hana jama'a, ba a ji ba. Abin tambaya shi ne, da a ce akwai mutum goma 'yan garin, waɗanda aka koya wa haɗarin abin, waɗanda kowa ya san iyayensu, suka fito da igiya da lasifika, liman da mai unguwa na bayansu, da mutum nawa za su koma gida? Ko da rabi ne, ai ba kaɗan ba ne.

Mun ji wasu a ɗakunan kwanan ɗalibai suna cewa jahilci ne da kwaɗayi. Sauƙin faɗa gare shi. Kafin a janye tallafin mai ran 29 ga Mayu 2023 lita ba ta kai naira 200 ba, a watan da abin ya faru kuwa ta haura naira 1,000 a gidajen mai da yawa. Jarka ɗaya ta fi abin da ɗan ƙwadago ke samu a mako. Yunwa ba ta jin gargaɗin baƙo mai kaki, amma takan ji kunyar maƙwabci. Gwamnati ta hana tankoki masu ɗaukar lita 60,000 hawa titi daga 1 ga Maris 2025, kuma madalla da haka, sai dai mai lita 33,000 ma ta isa ta tashi gari.

Bayan wuta kuma akwai aiki na biyu, wanda shi ne ainihin na tashar agaji. Mai ƙuna ruwan jikinsa ke tsiyayewa ta fatar da ta salube, kuma likitoci sun ce rabin ruwan da za a ƙara masa a yinin farko cikin awa takwas na farko ake so ya shiga. Taimakon farko ma ba wani abin wuya ba ne: a yi ta kwarara ruwa mai sanyi a wurin har minti 20, a rufe da tsumma mai tsabta, kada a shafa ɗanyen ƙwai ko manja ko man goge baki kamar yadda aka saba. Mutum nawa a garinku suka san wannan? Wanda aka jefa a bayan a-kori-kura aka yi awa biyu ana gwara shi a kan burji, ba ƙarin ruwa ba maganin zafi, sau da yawa ya isa asibiti ne kawai don a rubuta sunansa.

A nan ne maganarmu ta koma kan yayyenmu da suka riga mu fita, waɗanda yanzu ke zaune a ma'aikatu da sakatariyoyin ƙananan hukumomi suna juya fayil, da mu da za mu bi sahunsu gobe. Kun fi mu sanin cewa kasafin kuɗi gida biyu ne, akwai na manyan ayyuka, akwai na gudanarwar yau da kullum. Gini daga na farko yake fitowa. A cikinsa akwai kwangila, akwai la'ada, akwai allon dutse da za a rubuta sunan wanda ya buɗe. Man mota da taya da batir da albashin direban dare daga na biyu suke fitowa, kuma babu wanda aka taɓa rubuta sunansa a dutse don ya sayi taya. Wannan shi ne asirin ɗakunan shan magani da muke gani a ƙauyuka, fenti sabo, jemagu a silin. In aka bar tashar agaji ta bi wannan hanya, gara ma ba a gina ba, don ginin da babu kowa ciki ɓata lokaci yake sa wa: mutum ya ruga can da gudu, ya tarar da kufai, ya dawo ya iske abin da bokiti zai iya tarewa ɗazu ya fi ƙarfin kowa. Don haka duk takardar da ta zo teburinku tana neman kuɗin gini, ba ta faɗi inda za a sami kuɗin mai da albashi na shekara biyar ba, ku rubuta a ƙasanta a dawo da ita. Mun san ƙaramin ma'aikaci ba shi ke sa hannu na ƙarshe ba. Amma shi ke rubuta daftarin farko, kuma yawancin manya abin da aka ajiye musu suke sa wa hannu.

Ku fara da ruwa, tun kafin a zana ginin. Lissafin ba shi da wuya. Motar da ta ɗauko lita 4,000, in mesa na zuƙe lita 400 a minti, cikin minti 10 ta ƙare. A birane ma nan ne 'yan kwana-kwana ke shan jifa, a ce sun zo ba ruwa, alhali ruwan da suka zo da shi ne ya ƙare babu inda za su ƙara. A ƙauye dole tashar ta zauna a kan rijiyar burtsatse mai aiki da hasken rana da babban tanki, a kuma san kowane kududdufi da dam da ke yankin, da watan da yake ƙafewa. Shawararmu ita ce a ja famfo daga tankin nan a bar mutanen gari su riƙa ɗiba kullum. Tankin da aka kulle don jiran gobara zai iya tsagewa a yi wata shida ba wanda ya sani. Wanda mata ke ɗiba safe da yamma kuwa, ran da ya tsaya, kafin azahar dagaci ya ji.

Haka zancen mota. 'Yan kwangila sun fi son ƙatuwar mota mai tsani da ake shigowa da ita daga Turai, saboda dalilin da ba sai mun faɗa ba. Irin wannan ba ta shiga lungu, ba ta haye yashi, in wani ƙarfe ya lalace a cikinta sai an yi odarsa daga waje, ta yi shekara a kan duwatsu. Abin da ƙauye ke bukata shi ne a-kori-kura mai jan ƙafa huɗu, da tanki a baya da injin ban ruwa irin wanda manoman fadama ke amfani da shi, wanda kowane makaniken bakin kasuwa zai kwance ya ɗaura. Motar marasa lafiya ma haka, wadda ake samun kayan gyaranta a garin, a ƙara mata da babur mai ƙafa uku da gado a baya don ƙauyukan da mota ba ta kaiwa da damina. Kada kuma a raina abin da ake da shi. A jihohi irin su Katsina da Zamfara da Yobe da Adamawa an yi shiri da ƙungiyar direbobi ta NURTW, aka koya wa direbobin tasha yadda ake ɗaukar mai naƙuda, wanda ya kai mace asibiti a saka masa da lodi ba tare da bin layi ba. Jigawa ita ma ta yi shirin Haihuwa Lafiya, aka ba ƙauyuka motoci don wannan aiki. Sabuwar tasha ta ɗora a kan irin waɗannan, ta riƙe lambar kowane direba da ya yarda a tashe shi da dare.

Inda za a kafa ta kuwa, a nan ne za a yi rigima, mun sani. Kowane kansila zai so garinsu, ciyaman zai so mahaifarsa. Alƙalin da ba ya karɓar toshi shi ne agogo. A ɗauki mota cikin watan Agusta, lokacin da rafuka suka kawo, a auna minti nawa ake yi daga wurin zuwa kowane ƙauye, da kuma daga wurin zuwa asibitin da ke da likita da jini da ɗakin tiyata. Wurin da ya fi rage mintocin nan ga mafi yawan jama'a, shi ne wurin, ko da garin bai taɓa fitar da kansila ba. Inda babbar hanyar tankoki ta ratsa, a sa wannan a ma'auni.

Wannan asibiti na ƙarshen hanya shi ne rabin maganar. Motar da ta kai mai jijjiga inda babu nas da dare, wurin mutuwa kawai ta sauya mata. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta hana kowane asibiti ƙin karɓar wanda ke bukatar taimakon gaggawa ko da wane dalili, ta kuma kafa asusu na akalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya don lafiya matakin farko, ta ware kashi 5 cikin 100 na asusun don jinyar gaggawa. Sai a kasafin 2018 aka fara zuba kuɗin. A 2022 aka ƙaddamar da shirin motocin agajin gaggawa na ƙasa, NEMSAS, aka fara da Abuja. Akwai kuma lambar kira ta 112. Duk waɗannan suna nan a rubuce, amma doka ba ta tafiya ƙauye da ƙafarta, sai wani ya ɗauke ta ya kai. Wanda ya amsa waya a babban birnin jiha bai san Unguwar Tsamiya ta bayan rafi ba, ga shi gidajenmu ba lamba. Dole tashar ta sami lambarta ta gida, a rubuta ta a bangon masallaci da kemis da makaranta da tashar mota, wanda zai ɗauka ya zama ya san gidan da ake nufi in an ce masa bayan gidan Sarkin Fawa.

Wannan ya kawo mu kan mutane. Ba za a iya ɗaukar ma'aikata 30 a kowace gunduma ba, kuma ba a bukatar haka. A Jamus 'yan kwana-kwana na sa kai sun kai wajen miliyan ɗaya, su ne ke riƙe da ƙauyuka; a Faransa ma kusan kashi 80 cikin 100 'yan sa kai ne. Mu da muka gaji aikin gayya, muke da 'yan agaji na ƙungiyoyin addini a kusan kowane gari, da 'yan sintiri da maharba, ba sai Bature ya koya mana fitowa in an yi kururuwa ba. Abin da ya rage shi ne horo da kayan aiki da tsari, don a daina cin karo da juna a bakin rijiya. Amma fa kada a fake da gayya a ce talaka ya yi wa gwamnati aikinta kyauta. Dole a sami 'yan ƙalilan masu albashi da ke kwana a tashar, direbobi da ma'aikatan lafiya, kuma wanda ya ji rauni cikin 'yan sa kai a ɗauki nauyin jinyarsa. Lalle ne kuma a sa mata a ciki. Duk wanda ya san gidajenmu ya san akwai maigidan da zai yi ta jinkiri har gari ya waye in ya san ƙarti biyu ne za su shigo ɗakin matarsa, amma in ungozoma ce ko malamar asibiti da ya sani, nan da nan zai buɗe ƙofa. Makarantun koyon aikin lafiya na jihohinmu suna yaye 'yan mata kowace shekara, da yawansu na zaune a gida da takarda a akwati.

Sai wa zai biya. Ran 11 ga Yuli 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa ba ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye daga asusun tarayya, ko da yake aiwatarwa ta yi ta jan ƙafa. Ko ta wace hanya kuɗin ya iso, man mota biyu da albashin mutum takwas ba su kai abin da ake kashewa a bikin rantsar da ciyaman da tawagar rakiya ba. Jiha ta ba da mota da horo, ƙaramar hukuma ta riƙe mai da albashi, mutanen gari su riƙe ido. Wannan na ƙarshe ba ƙaramin aiki ba ne. Kowa ya taɓa ganin motar asibiti ta ɗauko buhunan taki, ko kayan gara, ko magoya baya ran taron siyasa. A wurare da yawa ma jama'a ba su san ta da komai ba sai ɗaukar gawa, har ana tsoron a ga ta tsaya a ƙofar gida. Maganin wannan littafi ne da biro: kowane kira a rubuta wanda ya kira, ƙarfe nawa, ƙarfe nawa aka isa, lita nawa aka ƙona, ƙarshen wata a manna kwafi a bango inda malamin makaranta da ɗalibinsa za su karanta. Mun san akwai yankunan Zamfara da Katsina da Sakkwato inda ba mai iya fita da mota bayan magariba saboda 'yan bindiga, kuma ba mu ce tashar agaji za ta warware wannan ba. A irin wuraren nan sai a ƙara nauyi a kan horar da mutanen cikin gari da ajiye magunguna a hannunsu, har Allah ya kawo sauƙi.

Mu ɗalibai kuma ba 'yan kallo ba ne. Kusan kowace ƙaramar hukuma tana da ƙungiyar ɗalibanta a jami'ar nan, kuma kowa ya san yawancin aikinmu shi ne bin sawun kuɗin tallafin karatu, da buga kalanda mai hoton ciyaman, da walimar ƙarshen shekara. Hutu na tafe, hunturu na biye da shi. Muna roƙon kowace ƙungiya ta ba mutum biyu aiki in sun je gida. Su je su ga motar kashe gobara mafi kusa da garinsu da idonsu, su tambaya ko tana tashi, ko akwai ruwa a cikinta. Su hau mota daga ƙofar gidan dagaci zuwa asibitin da ake ƙarin jini, su duba agogo. Su tambayi ungozomar gari mata nawa aka fita da su da dare bana, a kan me aka ɗauke su, nawa aka biya. Ɗaliban likitanci da na aikin jinya su ɗauki yini guda su tara 'yan agaji da 'yan acaɓa a makarantar firamare su nuna musu yadda ake tsayar da jini da yadda ake ɗaga wanda ya karye. Wanda ya kawo mana na garinsu a rubuce, za mu buga shi a fitowa ta gaba, da sunan garin da adadin mintocin, mu kuma aika wa majalisar ƙaramar hukumar da kwafi kafin ta zauna kan kasafin baɗi.